Gwanjon ɗakunan ajiya a Amurka: Ina kayan ke zuwa bayan an sallama?

A watan Satumban 2001 wani mai sayar da tsofaffin kaya a jihar Fulorida ta Amurka ya sayi duk abin da ke cikin wani ɗakin ajiya na haya a garin Casselberry, kusa da birnin Orlando. An yi gwanjon ɗakin ne saboda an daina biyan kuɗin hayarsa.

Da ya zauna tantance kayan sai ya tarar da wasiƙu da hotuna da rubutattun jawabai na marigayi Malcolm X, wato Alhaji Malik El-Shabazz, jagoran baƙar fatan Amurka da aka harbe a New York a 1965. A cikinsu har da littattafan da ya riƙa rubuta abin da ya gani a tafiye-tafiyensa na 1964, shekarar da ya yi aikin Hajji, ya kuma ziyarci Najeriya da Ghana.

Irin wannan labari ne ke jan mutane da dama a Amurka zuwa wuraren gwanjon ɗakunan ajiya, kowa na fatan shi ma ya yi tsuntuwa. Sai dai waɗanda suka daɗe a sana'ar sun san cewa sayen ɗakin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Riba ko asara tana fitowa ne daga baya, wajen raba kayan da nema musu masu saye, da kuma biyan kuɗin zubar da abin da babu mai so.

Ɗakunan da ake haya don kaya

Ɗakunan da ake magana a kai wasu jerin shaguna ne marasa taga, masu ƙofar ƙarfe da ake naɗewa sama. Mutum yana kama haya wata-wata, ya zuba kayansa, ya sa kwaɗonsa, ya tafi da mabuɗi. Ƙarami yakan kasance ƙafa 5 a tsawo da 5 a faɗi, babba kuma ya kai ƙafa 10 da 30, wanda zai ɗauke kayan gida guda.

Sana'ar ta fara kankama ne a jihar Teksas cikin shekarun 1960. Kamfanin Public Storage, ɗaya daga cikin mafiya girma a yau, an kafa shi a Kalifoniya a 1972. Ƙididdigar masu sana'ar na nuna cewa akwai irin waɗannan wurare kimanin 50,000 a Amurka, kuma kusan gida ɗaya cikin kowane goma yana hayar ɗaki.

Yawanci dai wani sauyi ne a rayuwa ke sa mutum kama ɗakin: mutuwar aure, ko rasuwar iyaye, ko ƙaura zuwa wani gari, ko kuma an kore shi daga gidan haya. Waɗannan dalilai su ne kuma kan sa daga baya ya kasa biya. Wani ya rasa aiki, wani yana asibiti ko gidan yari, wani ma ya rasu ba tare da danginsa sun san yana da ɗakin ajiya ba.

Yadda ake kaiwa ga gwanjo

Dokokin jihohin Amurka sun ba mai wurin ajiya ikon riƙe kayan wanda bai biya haya ba, tamkar jingina, ya kuma sayar da su don karɓar bashinsa. Kowace jiha da nata sharuɗɗan.

A Kalifoniya, alal misali, idan aka yi kwana 14 a jere ba a biya ba, mai wurin zai iya aika takardar gargaɗi ta farko. Bayan wa'adinta ya cika sai a hana mai hayar shiga ɗakin, a sake aika masa takardar niyyar sayarwa, sannan a yi shelar gwanjon ga jama'a. A aikace lamarin yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. Mai kayan yana da damar biyan bashin har zuwa lokacin da za a sallama, shi ya sa ake yawan soke gwanjo ana dab da farawa.

Abin da ya haura bashin da kuɗin ɗawainiya na mai kayan ne. A Kalifoniya ana ajiye masa na shekara ɗaya, in bai zo ba a miƙa wa baitulmalin gunduma. A Teksas shekara biyu ake jira, daga nan kuɗin ya zama na mai wurin.

Akwai kuma wata dokar tarayya ta 2003 da ta hana a sayar da kayan sojan da ke bakin aiki sai da umarnin kotu.

Wani abin lura shi ne, mai wurin ajiya bai cika damuwa da farashin da aka sayi ɗakin ba. Sau da yawa kuɗin ba ya biyan bashin. Babban burinsa shi ne a kwashe kayan ya samu ya ba wani hayar ɗakin. Ke nan mai saye, ko ya sani ko bai sani ba, aikin kwashe shara ya karɓa, kuma shi ne ya biya kuɗi aka ba shi aikin.

Daga bakin ƙofa

A gwanjon da ake yi ido da ido, dillalin gwanjo yana yanke kwaɗon a gaban jama'a, a ɗaga ƙofa, masu saye su wuce ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa na 'yan mintoci. Ba a shiga, ba a taɓa komai, ba a buɗe kwali. Tocila ce kawai abin aikin mai saye. Ɗakin baki ɗaya ake sayarwa, kuma wanda ya yi tayi mafi tsoka shi ake sallama wa.

Ƙwararru kan karanta ɗaki ne daga alamu. Kwalaye iri ɗaya da aka jera da kyau aka rubuta abin da ke ciki suna nuna mai kayan ya daraja su. Baƙaƙen ledoji da aka watsa suna nuna gaggawa, kuma galibi tsumma ne. Ƙura mai kauri tana nufin an daɗe ba a shiga ba, sawun ƙafa a cikin ƙurar kuma yana nufin mai kayan ya riga ya zo ya tsame masu amfani. Wari ma shaida ne, domin ɗakin da ruwa ya shiga ko ɓeraye suka zauna ba ya ɓuya. Ƙa'idar da tsofaffin hannu ke bi ita ce, a yi tayi a kan abin da ido ya gani kaɗai.

Yanzu akasarin gwanjon ya koma intanet, a shafuka irin su StorageTreasures da Lockerfox, musamman tun bayan annobar korona ta 2020. A nan hotuna kaɗan ake sawa, hanci kuwa ba ya aiki ta hoto.

Mai karatu da ya san fiƙihu zai ga inda wannan ciniki ke da tambaya. Sayarwa ta hanyar ƙarin tayi abu ne da galibin malamai suka halatta, amma sayen abin da ba a san adadinsa ko siffarsa ba yana kusa da abin da ake kira garari. Haka ma ɗabi'ar wasu masu saye ta ƙara tayi ba don suna so ba, sai don su ɗora wa abokin hamayya tsada, ita ce najashu da aka hana. A wuraren gwanjon Amurka kuwa dabara ake ɗaukarta.

Kwana biyu a share ɗaki

Da zarar an sallama, mai saye zai biya kuɗin nan take. A gwanjon intanet akan ƙara masa la'adar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko fiye. Zai biya harajin ciniki sai in yana da takardar shaidar cewa shi mai sari ne don sayarwa. Zai kuma ajiye wani kuɗi, yawanci dala 50 zuwa 100, wanda ba za a mayar masa ba sai ya share ɗakin tas.

Wa'adin da ake bayarwa bai cika wuce sa'o'i 24 zuwa 72 ba. Ba a yarda ya ɗebi abin da yake so ya bar saura ba, ba a kuma yarda ya zuba komai a kwandon sharar wurin ba. Wanda ya saɓa zai rasa kuɗin da ya ajiye, a kuma hana shi shiga gwanjo nan gaba. Idan kayan sun fi ƙarfinsa, mafita ita ce shi ma ya kama hayar ɗakin, abin da ke cinye ribar tun kafin a same ta. Ba abin mamaki ba ne a ga ɗakin da wani mai sayen gwanjo ya kama shi ma ya ƙare a gwanjo.

A nan ne ainihin sana'ar take. Mai saye zai zo da motar ɗaukar kaya da safar hannu da abokin aiki, ya fara rabawa tun daga bakin ƙofa. Dole a buɗe kowane kwali, a laluba kowane aljihu, a zazzage kowane littafi, domin ƙananan abubuwa masu daraja, irin su zobe ko tsohon agogo ko tsabar kuɗi, a cikin tarkace suke ɓuya. Ɗaki mai ƙafa 10 da 10 yakan ci yini guda ana kwasa, tantancewa kuwa ta ɗauki mako.

Abin da aka fi samu ba ya wuce abin da ke cikin gidan talaka ko mai matsakaicin hali: tufafi, katifa, kujerun da suka sha jiki, tukwane, kayan wasan yara, kayan ado na Kirsimeti, tsohuwar talabijin da takardun makaranta. Mutumin da ya kasa biyan dala 100 ko 150 a wata don ceto kayansa, da wuya a ce ya bar zinariya a ciki. In ma akwai, da ita ya fara tafiya.

Kowane kaya da kasuwarsa

Gwanintar mai wannan sana'a ita ce sanin inda kowane abu zai fi kuɗi, da kuma sanin lokacin da jira ya fi ribar tsada.

Manyan kaya masu nauyi, kamar kujeru da gadaje da injin wanki, ana tallata su ne ga mutanen gari a Facebook Marketplace ko Craigslist ko OfferUp, mai saye ya zo ya ɗauka da kansa. Kayan aikin hannu na kafintoci da makanikai su ne suka fi saurin tafiya, kuma su ne masu saye suka fi murnar gani.

Ƙananan abubuwa masu daraja da za a iya aikawa ta gidan waya suna zuwa eBay, inda masu saye ke ko'ina a duniya. Amma kamfanin yana cire kusan kashi 13 cikin ɗari na kuɗin a yawancin kayayyaki, ga kuɗin kwali da na aikawa, ga kuma mai saye da zai iya dawo da kaya ya ce ba haka ya gani a hoto ba. Kowane abu sai an wanke shi, an gwada shi, an ɗauki hotonsa, an bincika farashin da irinsa ya tafi a baya.

Kayan dala ɗaya zuwa biyar, waɗanda su ne mafiya yawa, ana kai su kasuwannin tsofaffin kaya da ke ci a ƙarshen mako a filayen ajiye motoci, inda ake biyan kuɗin rumfa, ko kuma a baza su a ƙofar gida ranar Asabar. Wasu garuruwa sun ƙayyade sau nawa mutum zai yi irin wannan kasuwar ƙofar gida a shekara, don kada unguwa ta koma kasuwa.

Zinariya da azurfa ana kai su shagunan jingina ko wajen masu narkawa, a auna a biya, ƙasa da farashin kasuwa. Wayoyin tagulla da alminiyam da ƙarafa suna zuwa wajen 'yan gwangwan. Abin da ake zaton na tarihi ne ko zane mai daraja sai an kai wa masani ya tantance, sannan a ba gidan gwanjo na musamman, wanda shi ma zai cire nasa kason.

Labarin wata motar fim ya nuna yadda wannan mataki ke ɗaukar lokaci. A 1989 wani mutum a yankin Long Island na jihar New York ya sayi ɗaki kan kimanin dala 100, ya tarar da wata farar mota ƙirar Lotus Esprit marar tayoyi a ƙarƙashin barguna. Ashe ita ce motar da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa a fim ɗin James Bond na 1977. Sai a watan Satumban 2013 aka sayar da ita a Landan kan fam 616,000, kuma attajirin nan Elon Musk ne ya saya. Shekara 24 ke nan tsakanin saye da sayarwa.

Shara ma da kuɗinta

Abin da sababbin shiga suka fi mantawa da shi a lissafi shi ne kuɗin juji. A Amurka ba a zubar da tarin shara kyauta. Ana auna motar tana shiga, a auna ta tana fita, a biya gwargwadon nauyi.

Wasu kayan kuma suna da nasu farashin dabam. Wurare da yawa suna karɓar kuɗi a kan kowace katifa da kowace taya. Doka ta wajabta a cire iskar gas ɗin da ke cikin firji da na'urar sanyaya ɗaki kafin a jefar da su. A Kalifoniya an hana kai tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya juji, saboda dalmar da ke cikin gilashinta. Fenti da batir da man inji da magungunan ƙwari sai an kai su wuraren karɓar shara mai haɗari. Wanda aka kama yana zubarwa a bakin hanya tara mai yawa ke jiransa.

Katifa ita ce babbar abar ƙi. Jihohi da dama sun hana sayar da tsohuwa sai an tsabtace ta an liƙa mata shaida, kuma ita ce gidan kuɗin cizo. Mai saye da ya shigar da katifa ɗaya mai ƙwari cikin ma'ajiyarsa zai iya lalata duk sauran kayan.

A ɗauka, a matsayin misali, mutum ya sayi ɗaki kan dala 300. La'ada ta ci 45, haraji 25, hayar mota da mai 100, juji 120. Ya kashe dala 590 ke nan kafin ya sayar da ko da cokali, ban da ladan wanda ya taya shi ɗauka da kwanakin da ya ɓata. Idan abin da ke sayuwa a ɗakin ya kawo dala 800 cikin wata biyu, abin da ya rage masa bai kai ladan leburanci ba. Ga kuma hukumar haraji da ke ɗaukar ribar a matsayin kuɗin shiga.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna girman matsalar a ƙasar baki ɗaya. A 2018 an yar da kayan ɗaki da nauyinsu ya kai tan miliyan 12, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari a juji suka ƙare.

Daga kwandon sadaka zuwa Ƙofar Wambai

Tsakanin kasuwa da juji akwai hanya ta uku. Kayan da ba su lalace ba amma ba su cancanci wahalar talla ba, musamman tufafi da takalma da kayan kicin, ana kai su kyauta ga ƙungiyoyin agaji irin su Goodwill da Salvation Army. Mai kaiwa ya huta da kuɗin juji, yana kuma iya samun rangwamen haraji.

Su ma ƙungiyoyin ba sa iya sayar da duka a shagunansu. Ragowar sukan sayar wa 'yan kasuwa da awo, su kuma su ware su daki-daki, su matse su diloli, a loda a kwantena. Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi fitar da tsofaffin tufafi, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da suke sauka, ta tashoshin Kwatano da Lome da Tema. Kasuwar Kantamanto da ke Accra ta shahara da su. Najeriya ta daɗe da sanya tsofaffin tufafi cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma suna shigowa ta kan iyakoki har su isa kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano.

Kalmar gwanjo da Bahaushe ke kiran waɗannan tufafi da ita ita ce dai kalmar da yake kiran cinikin tayi, kuma a wannan karon sunan ya dace ta fuska biyu. Ɗan kasuwar da ya sayi dila a ɗaure bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya, daidai da wanda ya sayi ɗaki daga bakin ƙofa. Shi ma zai ware na farko da na biyu, ya rage da tsumman da babu mai so. Bambancin shi ne a nan jujin ba na Amurka ba ne.

Abin da talabijin ta jawo

Har zuwa 2010 sana'ar ta mutane ƙalilan ce da suka san juna. A watan Disambar wannan shekara tashar A&E ta fara nuna shirin Storage Wars, wanda ke bin wasu masu saye a Kalifoniya. A 2011 masu kallonsa sun haura miliyan 5 a dare guda, wasu tashoshi ma suka fito da nasu.

A cikin shirin, ana buɗe ɗaki, a ga abu mai daraja, wani masani ya faɗi farashi, a rubuta shi a matsayin riba. Ba a cika nuna tafiya juji ba, ba a kuma nuna ko an samu wanda ya biya wannan farashi. Wuraren gwanjon da a da mutum goma ke halarta suka cika maƙil, farashin ɗakuna ya tashi, tsofaffin 'yan sana'ar suka riƙa kokawa.

A watan Disambar 2012 ɗaya daga cikin taurarin shirin, Dave Hester, ya kai tashar ƙara yana zargin cewa ana dasa kaya masu daraja a ɗakunan kafin a ɗauki hoto. Masu shirin sun sha musanta cewa ana yin haka. An sasanta a 2014, ya kuma koma cikin shirin.

Ba duk abin da ke ɗakin ne na mai saye ba

Akwai kayan da doka ta hana sayarwa ko da an same su ta halattacciyar hanya. Wata doka ta 2008 ta haramta sayar da kayan da hukuma ta janye daga kasuwa saboda haɗari, kuma tun 2011 an hana sayar da gadajen jarirai masu gefen da ake saukewa, sabo ko tsoho. Magungunan asibiti da gashin gaggafa suna cikin haramtattu, hauren giwa kuma dokokinsa masu tsauri ne. Bindiga tana da nata ƙa'idojin, galibi sai an bi ta hannun 'yan sanda ko dillali mai lasisi. Mota ko babur ba sa sayuwa sai an samo musu takardun mallaka.

Kayan sata kuwa ba sa zama na mai saye don ya biya kuɗi. A shekara ta 2000 an sace wa ɗan wasan fim Nicolas Cage kwafin mujallar zane ta 1938 wadda Superman ya fara fitowa a cikinta. A watan Afrilun 2011 aka gano ta a wani ɗakin ajiya da aka yi gwanjonsa a yankin Los Angeles. 'Yan sanda suka karɓe ta, aka mayar wa mai ita. A watan Nuwamban wannan shekara aka sayar da ita kan fiye da dala miliyan 2.

Wani lokaci abin da ake samu ya wuce batun kuɗi. A watan Agustan 2022 wasu iyali a birnin Auckland na New Zealand sun sayi kayan wani ɗaki ta intanet, suka tarar da gawarwakin yara biyu a cikin akwatuna. An taso ƙeyar mahaifiyar yaran daga Koriya ta Kudu, kuma a 2025 kotu ta same ta da laifin kisansu.

Abin da kusan kowane ɗaki ke ɗauke da shi kuwa shi ne takardu da hotuna: takardun haihuwa, fasfo, bayanan banki da na asibiti, hotunan biki, wasiƙu, wani lokaci har da tokar gawar wani ɗan uwa a cikin tulu, tun da ƙona gawa ya zama ruwan dare a Amurka. Yawancin wuraren ajiya suna sharɗanta wa mai saye ya miƙa irin waɗannan ga ofishinsu don mai su ya zo ya karɓa. Wasu na cikawa, wasu kuma suna haɗawa da shara saboda wa'adi ya matse su. A wajen mai saye ba su da farashi, a wajen mai kayan kuwa su ne kaɗai abin da ba zai iya sake saye ba.

Matsalar takan taso ne idan takardun na wani sananne ne, domin a lokacin suna da farashi. A 2005 an yi gwanjon ɗakin Paris Hilton a Los Angeles kan dala 2,775, daga baya aka buɗe wani shafi a 2007 ana karɓar kuɗi don nuna hotunanta da takardunta, har sai da kotu ta dakatar da shi.

Takardun Malcolm X ma nan suka dosa. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ce ta kai su ɗakin na Fulorida a 1999, shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsu Betty Shabazz. Wanda ya sayi ɗakin ya miƙa su ga gidan gwanjo na Butterfields da ke San Francisco, wanda a lokacin mallakar eBay ne, aka kuma tsayar da watan Maris na 2002 don sayar da su kashi-kashi.

Da labarin ya fito, iyalan marigayin da masana tarihi suka yi ca, suna cewa in aka rarraba takardun ga masu kuɗi dabam-dabam ba za su sake haɗuwa ba. Lauyoyi suka koma kan tambayar farko ta kowane gwanjon ɗaki, wato ko an cika sharuɗɗan sanarwa kafin a yanke kwaɗon. Shakkun da aka samu a kan haka ya sa Butterfields ya janye kayan 'yan kwanaki kafin ranar gwanjon.

Bayan sulhu tsakanin ɓangarorin, takardun sun koma hannun 'ya'yan Malcolm X su shida. A watan Janairun 2003 aka ba da sanarwar cewa sun ajiye su a cibiyar Schomburg da ke unguwar Harlem, wani reshe na ɗakin karatun jama'a na New York, na tsawon shekara 75.